Ranar da Gabriel Ya Ɗaga Kai

Dogarawa, Sabon Gari

Jemimah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na rubuto ne don ba na son jin muryarki a waya yanzu.

Na kai ki jami'a ki zama malama, kika ce ke aikin yara masu otizim, irin waɗanda ba sa magana ko duban mutane, za ki koya a wata cibiya a Samaru. Ban hana ki ba. Kika ce a riƙa kawo miki Gabriel, ɗan yayanki Felix, tunda ya kai shekara shida ba ya magana. Na yarda. To, ga abin da kika koya masa. Ran Lahadi dattawan ikilisiya suka zo gidana, yaron nan ya tsaya ƙiƙam gaban Fasto, ya zuba masa ido, har da miƙa hannu a ba shi biskit. Na mare shi.

Ƙarshen wata zai tafi ƙauye wurin gwaggonki Janet, ya koyi sunkuyar da kai.

Mahaifinki,
Ɗanasabe

Samaru

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi, da fatan ƙafarka ta yi sauƙi.

Baba, Gabriel ba raini ya yi ba. Tun da aka haife shi bai taɓa duban fuskar mutum ba, ko ta uwarsa. Wata da watanni ina zaune da shi a tabarma, in ya dube ni in ba shi biskit in tafa masa. Abin da ya yi wa Fasto gaisuwa ce, ita kaɗai ya iya.

Durƙuso zan koya masa, na yi alkawari, amma sai ya san akwai mutum a gabansa tukuna. In aka kai shi ƙauye, bulala za ta yi aikin, kuma ba zai dawo mana ba. Ina roƙonka.

'Yarka,
Jemimah

Dogarawa

Ƙanwata Jemimah,

Sannu da aiki. Baba bai san na rubuto ba, mijina Felix kuma ya ce ba zai ja da mahaifinsa ba.

An karanta wasiƙarki, aka tura ta ƙarƙashin matashi. Tun ranar marin ɗana bai sake ɗaga kai ba. Ina kiransa, ƙasa yake kallo. Ya koma cizon hannunsa har jini. Jiya matan zumunta na ikilisiya suka zo, suna ta yabo wai yaro ya yi hankali. Na shiga kicin na yi kuka.

Ni da na jira shekara shida ya dube ni, sau nawa ma na samu? An riga an yi wa direban da zai kai shi ƙauye magana. Ina jin tsoro.

Taki,
Liya

Dogarawa

Jemimah,

Ina gaishe ki.

Yau da safe na zaunar da Gabriel, na sayo biskit, na kira sunansa har muryata ta dushe. Kansa na ƙasa, kamar yadda na nema. Da na matso, sai ya kare kuncinsa da hannu.

Na sallami direban. Ki zo ran Asabar da tabarmarki. Ni za ki fara koya wa.

Mahaifinki,
Ɗanasabe