Zarton da Uba Ya Bari a Kunne

Garwa, 19 ga Maris, 2009

Zuwa ga ƙanena Sulaimanu, a Tibati.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka, Ya albarkaci kasuwar kifi, Ya tsare ku a kan ruwa. Mu nan zafi ya kama, ƙafafuna kuma sun ƙara kumbura. Tun rasuwar matata Hajjo gidan ya yi mini girma. Ka yi haƙuri da rubutun, hannun da ya yi shekara talatin yana akawu yanzu rawa yake yi.

Ka ji cewa ɗana Shu'aibu ya ji ciwo a wurin aiki, amma ba ka ji yadda aka yi ba. Ka san Uba kafinta, wanda Shu'aibu ke yi wa aiki. Da zafin nan sai a ɗauke wuta sau uku a yini, kuran ɗin, wato lantarki, ba ya zama. Duk mai hankali, in wuta ta tafi, yakan kashe injin zarto ya zare wayarsa daga bango. Shi Uba doka ya kafa cewa a bar injin a kunne, wai ƙararsa ce za ta sanar da shi an dawo da wuta, ko yana shan shayi a tsallaken titi. Murfin ƙarfen da ke rufe haƙoran zarton ma ya cire tun bara, wai yana rage saurin aiki. Wata ranar Talata wuta ta tafi da hantsi, sai Uba ya ce wa Shu'aibu maimakon zaman banza ya ciro guntun katakon da ya maƙale a haƙoran. Yana cikin cirowa aka dawo da wuta. Yatsu uku na hannun dama suka tafi, babban kuma likita ya ce ba zai ƙara lanƙwasuwa ba.

Wannan hannun ne ke riƙe ni zuwa masallaci, shi ke yi mini aski. Yanzu matarsa Yelwa ce ke ba shi tuwo a baki, mutum mai shekara arba'in, yana kawar da kai don kada in gani. Ma'aikatan sun faɗa mini cewa kafin la'asar Uba ya sa an watsa garin katako a kan jinin, an ci gaba da yanka. Sai bayan kwana huɗu ya zo gaishe mu da lemo a leda. Ya ce ƙaddara ce, kuma Shu'aibu ba yaro ba ne, ya san zarto yana da haƙora. Na ce masa ba ƙaddara ce ta kwance murfin ba, da sifana aka kwance shi. Na sa Yelwa ta bi shi da lemonsa har ƙofar gida.

Maƙwabtanmu Fulani kullum sai su ce mini munyal, wato haƙuri. Shu'aibu kansa ya ce ya yafe. Hannunsa ne, yana da iko. Ni ban yafe ba, kuma ba ni da niyya.

Ga abin da nake so. Na ji Uba zai zo Tibati bayan sallah ya buɗe wurin ƙera kwale-kwale ga masuntan tafkin Mbakaou, yana kuma faɗa wa mutane cewa a gidanka zai sauka, tunda kai ne mai masaukin mutanenmu a can. Kada ka ba shi ɗaki. Kada ka kai shi gaban manyan masunta. Duk wanda ya tambaye ka dalili, karanta masa wannan takarda, musamman mai ɗan da ke neman aiki. Ba zan ɓoye maka ba, ba tausayin 'ya'yan Tibati kaɗai ya sa ni rubutu ba. So nake ya zaga garin da injinsa a kan amalanke ya rasa inda zai sauke shi. In ka karɓe shi saboda kunya, to ka sani yayanka ka mayar baya.

Abu na ƙarshe, na riga na faɗa wa liman, kai ma ka zama shaida. Makarar masallacin unguwarmu Uba ne ya ƙera ta. In kwanana ya ƙare, kada a ɗora ni a kanta. Ku ɓalle ƙyauren ɗakina ku kai ni.

Ka gaishe mini da Mairamu da Fati da Hassan. Shu'aibu da Yelwa suna gaishe ku, ba su san na rubuta ba.

Wassalam,
Yayanka Muntaka