Lasisin Baba Yana Wayar Wata Mata

Anti, don girman Allah ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe ko da ta yi tsawo. Kaina ya ƙulle, na rasa wanda zan faɗa wa.

Ni ce auta a gidanmu. Babanmu ya rasu wata goma sha huɗu da suka wuce, Allah ya jiƙansa, ya bar ɗan shagon da yake buga wa mutane takardu, na neman aiki da katin gayyata da jarrabawar makarantu. Ni na gaji kujerarsa, don Yaya mai walda ne, ko kunna kwamfuta bai iya ba. Kwamfutar tsohuwa ce, fankarta na ƙara kamar keken ɗinki, wasu haruffan ma yatsun Baba sun goge su. Amma kaf layinmu ita kaɗai ce mai lasisi na gaskiya. Da guminsa ya sayi babbar manhajar da ke tafiyar da ita, aka rubuta da sunansa, kuma duk wanda ya shigo shagon sai ya sha labari. Yakan ce shi ba zai buga wa mutum takardar neman halal da kayan sata ba.

Mako uku da suka wuce firinta ta yi tsaye ta ƙi aiki. Saƙo ya fito wai a sabunta direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa kwamfuta ta gane firinta da sauran sassanta. Sun kai goma a jere, har da na babban allon da ke cikinta. Ga wani malamin makaranta tsaye a kaina yana jiran jarrabawar yara, ni kuma da rawar kaina na danna duka. Wayyo ni! Ta mutu ta tashi har sau uku. Firinta ta kama aiki kamar ba ita ba, amma fuskar kwamfutar ta koma baƙa ƙirin, ga rubutu a kusurwar ƙasa wai ba ta da lasisi.

A fuskar nan akwai hoton Baba da Umma ranar da ya buɗe shagon, yana riƙe da makulli yana dariya har ana ganin giɓinsa. Ba mu da irinsa ko'ina, na birkice ma'ajiyar hotuna kaf ban gan shi ba. Umma kuwa kullum in za ta kasuwa sai ta leƙo, ta zauna minti biyu tana kallonsa, ta yi masa addu'a ta wuce. Yanzu na juya fuskar gefen bango, na ce mata hasken taga ne ke damun idona. Kullum da safe sai na yi wa mahaifiyata ƙarya, Anti.

Mai gyara ya ce sabuntawar ce ta sa kwamfutar ta ɗauka ita wata sabuwar na'ura ce daban. Wai gyaran ba wuya, a shiga imel ɗin Baba a shaida cewa ita ce dai. To kalmar sirrin Baba ya tafi da ita. In an manta kuma, lambobi shida ake turowa ta layin wayarsa. Layin kuwa ya yi wata da watanni a aljihun wata rigar Yaya ba a sa masa kati ba, har aka rufe shi aka ba wani.

Na kira. Wata mata ta ɗauka, ina jiyo kukan jariri da zubar famfo. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, na roƙe ta ta karanto mini lambobin in sun shigo. Ta ce in nemi wata sakarar, ita ta san irinmu. Na sake kira. Na tura mata hoton takardar rasuwarsa. Sau goma sha ɗaya ke nan. Ranar Talata ita ta kira ni da kanta, don ta ce mijinta zai kai ni ƙara. Anti, ban taɓa goge sunan Baba daga kan lambar ba. Wayata ta yi ƙara, na duba, na ga Baba na kira. Zama na yi daɓas a ƙasa, mutane na kallona.

Yaya ya ce in daina hauka, a sa na sata kamar kowa, aikin minti biyar ne. Mai gyara ya ce ko haka, ko a share komai a ɗora sabuwar manhaja da sunana, don irin ta Baba an daina sayarwa. Duk biyun ji nake kamar zan sake binne Baba, kuma da yatsana na jawo. In nemo gidan matar nan in durƙusa mata? Ni dai ban ga mafita ba.

Autar Mai Shago

*

Auta, Allah ya jiƙan Baba, ya ba ku haƙuri.

Na kai wasiƙarki wurin mutum biyu masu gyaran kwamfuta, bakinsu ɗaya da naki mai gyaran. Ba zan ɓoye miki ba, zai yi wuya lasisin nan ya dawo. Ki rubuta wa kamfanin manhajar, ki haɗa da takardar rasuwa da shaidar saye in tana nan, amma kada ki ɗora zuciyarki a kai. Yawanci mai imel ɗin suke nema, shi kuma ba ya nan.

Laifin da kike ɗora wa kanki ya yi yawa. Kin danna abin da kwamfutar ta ce ki danna, ga mutum tsaye a kanki. Shi ma Yaya ba mugunta ce ta sa ya manta layi a aljihu ba, kowa da yadda rashi ke kama shi. Sai dai shawararsa ba ta yi ba. Irin waɗannan na sata sukan zo da ƙwayar cuta, kuma takardun mutane ne a hannunki. Ko ba haka ba, ba za ki iya zama a kujerar nan da su ba, na ji hakan a wasiƙarki.

Matar nan kuma gaskiya gare ta. Da ita ce ta rubuto mini cewa wata baƙuwa na kiranta tana kuka tana neman lambobi shida, da na ce kada ta kuskura. Kada ki je gidanta. Ki tura mata saƙo ɗaya na ban haƙuri, shi ke nan.

Kafin kowa ya taɓa komai, ki kwashe duk takardun Baba a filashi biyu. Sannan ki sa mai gyara ya duba a gabanki, don sun ce kwamfuta takan ɓoye kwafin hoton fuskarta a wani lungu. Ban yi miki alkawari ba. In an dace, ki fitar da shi da firintar nan da ta jawo miki, ki rataya a bango. Bayan haka a ɗora sabuwar manhaja mai lasisi da sunanki. Abin da Baba ya ƙi shi ne sata, bai ƙi sunan 'yarsa ba.

Gobe in Umma ta leƙo, ki juyo mata da fuskar, ki faɗa mata. Za ta yi kuka, ku yi tare.

Saura mai wuyar. Tun kira na biyu kin san matar nan ba za ta ba ki lambobin ba, amma kika ƙara tara. Ina jin sunan da ke fitowa a wayarki kike kira, 'yata. Ki goge shi daga kan lambar nan yau, ba zai ɗauka ba.

Allah ya sanyaya miki, ya sa wa shagon albarka a hannunki.

Antinki