Idon Bukar

Daren Talata, Mubi

Na kasa barci saboda idon Bukar. Ni na ba shi shawara bayan ya gama sakandare, na ce ya koyi walda, tunda kullum gini ake yi a garin nan, mai haɗa ƙofa da taga ba ya rasa aiki. Da kaina na kai shi wajen Oga Hamman.

Yau na biya shagon in ga ɗalibina. Na tarar da shi yana walda da baƙin tabarau na kasuwa. Da ya cire, idonsa jawur, hawaye na zuba. Na ce ina gilashin walda?

Oga Hamman ya yi dariya. "Malam, wannan ai sai 'yan boko. Ya ɗiga madarar gwangwani a idon kafin ya kwanta, da safe garau. Duk haka muka fara."

Sai wayar Oga Hamman ta yi ƙara. Ya kai ta dab da hancinsa, ya ƙura mata ido, sannan ya miƙo mini. "Duba mini, wa ke kira?"

Bai fa kai shekara arba'in ba.

Jiya baban Bukar ya tare ni a masallaci yana ta sa mini albarka. Gobe zan je wurinsa, ban san da wane baki zan fara ba.