A Mayar wa Kaka Oronzo Sandunan Fatsarsa

Salento, Italiya
Watan Agusta

Zuwa ga Gwaggona Filomena,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da kewa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Kawu Renato da yara. Ya jikin naki? Mama ta ce ciwon bayan nan ya sake tashi tun da kika koma aikin tsayuwa. Allah ya ɗauke miki shi, ya ba ki sauƙi mai ɗorewa. Mu nan lafiya lau, sai zafi. Baƙi sun cika gari, ko wurin jingine keke babu. Mama da maƙwabta sun gama dafa tumatirin shekara, kwalabe sun cika ƙarƙashin bene, hannuwana har yau ja ne. Ta ware miki naki, wai ko Kanada ba za ta bar shi ya shiga ba, ita dai ta ware. Ɓauren da kika shuka a bayan gida ya yi 'ya'ya har tsuntsaye sun gaji da ci.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna. Kin san halina, da an miƙo min waya sai muryata ta gudu, in ce lafiya lau in miƙa wa Mama. Shi ya sa na rubuta a takarda, zan ɗauki hotonta in turo miki, don gidan waya ba zai kawo ta kafin Alhamis ba. Na ji hirarku da Baba. Na ji kin ce tunda kan Kaka ya fara rikicewa, kada a sake barinsa ya hau dutsen bakin teku, a kuma kai shi likita a Lecce ranar Alhamis. Baba ya bi maganarki kamar kullum, ya kwashe sandunan fatsar duka ya kulle a but ɗin mota. Gwaggo, don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi. Babu abin da ya sami kan Kaka. Ni ce.

Tun da aka yi hutun makaranta ni nake raka shi da safe, saboda gwiwoyinsa. Shi ya riƙe sanduna, ni in ɗauki kujerarsa mai naɗewa da bokitin abin kiran kifi, haɗin nan nasa na burodi da ruɓaɓɓen sadin da tsohon cuku, wanda kika taɓa cewa ko mage ba ta yarda da shi. Kin san dutsensa yana can ƙarshen lidon Donna Nunziata, wurin nan na bakin teku da baƙi suke biya su yi iyo su sha iska, kuma hanya mai sauƙi ita ce ta ƙaramar ƙofarta, a ratsa tsakanin laimomi. Ta zagaye akwai ƙaya da santsi, ba ta tsoho ba ce. Sauran masu lido duk sun daɗe da toshe hanyoyinsu, duk da cewa doka ta ce a bar mutane su wuce zuwa ruwa. Ita kaɗai ba ta taɓa hana mai fatsa ba, ba ta kuma hana matan unguwa kawo yara su yi wasa da ruwa da yamma.

To bana ta ɗauki sabon mai ceton masu iyo, sunansa Manuele, ɗalibi ne a jami'a. Yana zama a doguwar kujera da jar riga yana kallon teku. Gwaggo, ban taɓa yi masa magana ba, ban ma san ko ya san sunana ba. Amma kin san littattafan da nake karantawa, waɗanda Kaka yake kirana Gimbiya saboda su. A cikinsu yarinya takan ratsa yashi da farar riga, iska na wasa da gashinta, shi kuma ya juyo a hankali. Na karanta da yawa, ban taɓa ganin wadda ta ratsa da bokitin ruɓaɓɓen sadin ba. Wata safiya murfin ya zame, abin ya tsiyayo min a ƙafa daidai ƙasan kujerarsa. Wata mata 'yar Milano ta toshe hanci ta ce wa mijinta ashe har da wannan suka biya. Manuele ya juyo. Ban san ko dariya ya yi ba, don ban ɗaga kai ba. Kaka kuwa yana baya yana ta ƙwala min kira, wai Gimbiya ki tattara wanda ya zube, kifi ba ya cin yashi.

Washegari Kaka ya tsaya shan kofi a tsaye kamar yadda ya saba, ni na yi gaba da kaya. Na isa bakin ƙofar, na hango jar rigar, sai ƙafata ta ƙi. Na juyo. Da Kaka ya tambaye ni lafiya, sai na ji bakina yana cewa Donna Nunziata ta ce daga yau ba a ratsawa da sanda da bokiti, baƙi suna ƙorafi. Wallahi ban shirya ba. Safiya ɗaya kawai nake so in huta da kunya, na ɗauka zai yi tsaki ya ce gobe zai je ya same ta, ni kuma kafin goben in san yadda zan gyara. Amma bai yi tsaki ba. Ya ajiye kofin a hankali ya ce, ita ma? Bai tambaye ni komai ba bayan haka, saboda abin da ya daɗe yana jira ne, kowa ya yi, saura ita.

Kafin rana ta yi tsaka maganar ta kai dandalin coci. Abokinsa Pantaleo, mai gashin bakin nan da yake jan kunnen yaranki su Miriana in kun zo, ya hau kan benci yana cewa yau sun sayar da yashi, gobe za su sa wa iska mita. Ya ce wa Kaka, kai tsohon banza, za ka zauna ne kamar tulu har su zo su karɓi haya a kan kabarinka? Tsofaffi suka yi ta taruwa, kowa da labarin inda aka kore shi. Ni ina gefe riƙe da kujera, kowane dattijo ya wuce sai ya shafa kaina ya ce sannu yarinya, an wulaƙanta ki. Sau da yawa na buɗe baki. Abin da ya ƙara ɗaure min harshe shi ne yadda na ga Kaka ya miƙe, idonsa na haske, tun rasuwar Kaka mace ban gan shi haka ba.

Ranar Lahadi bayan an fito coci suka tafi gaba ɗaya da sandunansu a kafaɗa, aka ce dole in zo. Donna Nunziata ta fito tana goge hannu, tana murmushi, ta ce yau kuma yaƙi za a yi da kifin? Sai Kaka ya fara, a gaban baƙinta duka. Ya ce mijinta marigayi a wuyan shi Kaka ya koyi iyo a wannan ruwan. Ya ce ubanta da ƙafa ba takalmi ya zo garin nan aka ba shi wurin shanya taru. Ya ce yanzu ta ƙoshi har warin talaka yana damunta. Ta yi tsaye kamar an zuba mata ruwan ƙanƙara, ta rantse da kabarin mijinta ba ta taɓa faɗin haka ba, ta ce Oronzo, wa ya gaya maka? Ina tsaye a bayansa. Bai juyo ba. Ya ce wanda ba ya ƙarya ne ya gaya masa. Ita kuma ranta ya ɓaci, ta ce tunda an riga an zage ta a kan abin da ba ta yi ba, to bari ta yi shi. Ta sa aka kawo sarƙa da kwaɗo, ta kulle ƙofar da hannunta. Da yammar nan na ga matan unguwa sun zo da yara da tawul, suka tarar da kwaɗo, suka juya.

Ban iya cin abinci ba, littafi ma na kasa buɗewa. Ranar Talata na sami Kaka a tsakar gida yana ɗaura ƙugiyoyi a inuwar inabi, na tsuguna na faɗa masa komai, har da jar rigar. Na ɗauka zai yi ihu yadda yake yi wa Baba. Amma bai yi ba. Sai ya tambaye ni abu ɗaya, a hankali, ya ce Ilenia, bokitin ne kike jin kunya, ko mai bokitin? Gwaggo, na so in ce bokitin ne da sauri, amma kuka ya riga ni, kuma ina tsoron ya ɗauki shirun a matsayin amsa. Ya miƙo min hankicinsa mai ƙarnin kifi ya ce in wanke fuska kafin Mama ta gani.

Da safe ya sa baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza, cikin wannan zafin, ya tafi lidon shi kaɗai. Na bi shi daga nesa. Ya cire hula a gaban mutane ya ce wa Donna Nunziata babu wanda ya gaya masa komai. Ya ce kansa ne ya ƙirƙiro, tsufa ya fara yi masa wasa, yakan ji magana ba wanda ya yi ta, kuma ita wannan yarinyar, yana nufina, kunyar musa masa ta ji a gaban jama'a. Ya roƙe ta gafara a kan mijinta da ubanta. Ta fashe da kuka ta rungume shi, ta ce wayyo Oronzo, me ya sa ba ka faɗa ba tun tuni? Nan take ta cire kwaɗon, ta zaunar da shi, ta ba shi ƙanƙarar lemo. Na ce a raina shi ke nan, Allah ya rufa asiri. Ban san cewa saboda kirkinta za ta kira Baba a ranar ba, ta ce a sa ido a kan tsohon nan, dutse ba wurin mai rikicewar kai ba ne, in ya faɗa ruwa ba za ta yafe wa kanta ba. Daga nan Baba ya kira ki.

Yanzu ƙofar a buɗe take ga kowa. Pantaleo yana ratsawa, yara suna ratsawa, har baƙon da ya zo jiya da sabuwar sanda daga kanti yana ratsawa, ya hau dutsen Kaka ya zauna. Kaka kaɗai ne ba ya zuwa. Yana tsakar gida tun safe. Abokansa sukan leƙo, amma sun daina zaginsa, kuma wannan ya fi komai ci min rai. Pantaleo da ba ya kiransa sai tsohon banza, yanzu da babbar murya yake tambayarsa, kalma ɗaya bayan ɗaya, ko ya gane shi. Kaka sai ya gyaɗa kai. Na roƙe shi ya bar ni in gaya wa Baba, ya ce kul. Ya ce na san garinmu, in aka kira yarinya maƙaryaciya yau, za ta yi jikoki ana kiranta haka, shi kuwa me ya rage da za a ƙwace masa? Ya faɗi haka yana dariya, amma yana kallon wajen mota.

Jiya ya tambaye ni wace iska ce take kaɗawa. Gwaggo, Kaka fa. Mutumin da masu kwalekwale suke tsayawa su tambaye shi kafin su fita. Na ce ban sani ba, ya ce shi ma daga nan ba ya iya ganewa, bango ya tare. Tun lokacin tsoro ya kama ni, kada zaman nan ya mayar da shi abin da ya ce ya zama.

Shi ya sa nake roƙon ki. Ke ce babba, Baba ba ya ƙetare maganarki. Ki kira shi kafin Alhamis, ki ce ya buɗe but ɗin nan, a fasa zuwa Lecce. Na san ba zai yarda ba sai kin gaya masa dalili, don haka ki gaya masa, ki karanta masa takardar ma in kina so. Na san Mama za ta ji, kuma abin da Mama ta ji maƙwabta sun ji. Zai kai dandalin coci, zai kai lido, zai hau har doguwar kujerar nan. Na yi tunaninsa, kuma na yarda. Donna Nunziata kuwa ni zan je in gaya mata da bakina, ko da muryata za ta gudu in tsaya har ta dawo. Abu ɗaya kawai, kada ki yi wa Kaka faɗa don ya rufa min asiri. In faɗa ne, ga ni.

Ki gaishe min da Kawu Renato da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya. Ki gaishe da Miriana, ki ce mata ina nan ina ajiye mata wurin a gadona in kun zo. Ki sumbaci Dario, na ji ya fara rubuta sunansa. Mama da Baba kullum suna ambaton ku. Kaka bai san na rubuta ba, shi ya sa ban sa gaisuwarsa ba. In kin kira, ki nemi a ba shi wayar, ki yi masa magana yadda kika saba, da sauri, da tsiwa, kada ki sassauta murya.

'Yar ƙaninki mai ƙaunarki,
Ilenia