Waken da ke Bakin Taga

Auta,

Na fita kina barci, direba yana ta danna hon a ƙofa.

Ki yi haƙuri da tsawar da na daka miki jiya, da kika ce ke ma malamar kimiyya za ki zama kamar ni. Ba ke kika ɓata min rai ba. Majalisar jami'a ce ta yanke hukuncin rufe sashenmu na horar da malaman kimiyya, wai ɗalibai sun daina zuwa. Ɗakin gwaje-gwajen kuma za a mai da shi wurin saukar baƙi. Na yi magana har muryata ta dushe, ba wanda ya ko ɗago kai. Kuma tunda ni ce mataimakiyar shugaba, ni zan tsaya gaban ɗalibaina yau in sanar da su. Ashe kujerar da na sha wahalar hawa, aikinta ke nan.

Kwalaben nan na bakin taga, masu wake cikin jiƙaƙƙiyar auduga, na darasin mako mai zuwa ne. Darasin dai babu shi. Amma sun fara tsirowa, ki yayyafa musu ruwa. Su ba wanda ya gaya musu tukuna.

Mamanki