Kaset ɗin Wasanmu na Kitwe

Leeds, 9 ga Nuwamba, 2004

Ƙanwata Bana Nkole,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya maigidanki da yara? Yaya ƙafar Mama? Ni lafiya lau, ina nan ina aikina a gidan kula da tsofaffi. Kunnen hagun ne dai ya daina ji, amma kada ki gaya mata.

Wani Bature mai tara tsofaffin faifai ya nemo ni, ya kawo mini kaset ɗin bidiyon wasan da ƙungiyarmu ta makaɗa ta yi can gida Zambiya, a garin Kitwe, a 1975. Muka kunna a falon tsofaffin. Ga mu nan mu biyar, gashi buzu-buzu, ni a kan ganguna, yayanmu Chisanga ko riga babu, jitarsa tana kururuwa, masu haƙar tagulla suna ta tsalle.

Wata tsohuwa ta ce, "Mai jitar nan zai karya wuyansa. Yana ina yanzu?"

Na ce, "Ya rasu. Duk sun rasu, saura ni."

Ta ce in rage ƙara. Na rage, na je na haɗa musu shayi. Na yi ta jira raina ya motsa, har yau shiru.

In kin sami mai zuwa, ki aiko mini da busasshen kifin kapenta, in zai koma in ba shi kaset ɗin. Kin san Mama ba ta taɓa zuwa wasanmu ba, kiɗan shaiɗanu take ce masa. Ki tambaye ta kafin ki kunna. In ta yarda, ki kai mata minti na sha ɗaya, wurin da Chisanga ya juyo yana dariya.

Allah ya tsare ku.

Yayanki,
Katongo