Furfurar Gidanmu

San Antonio,
9 ga Oktoba.

Zuwa ga mahaifina,

Apá, ka gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto maka ba tare da ka nema ba. Ban sani ba ko kana son a dame ka. Adireshin na kwafo shi ne daga ambulan ɗin katin da kake aiko mini duk ranar zagayowar haihuwata. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da fatan gwiwarka ta daina ciwo. Ni da mamata, Amá, muna nan lafiya.

Dalilin wannan takarda tambaya ce a kan aikinka, ba wani abu ba.

A makon nan wani ma'aikacin kashe gobara ya zo ajinmu. Ya nuna mana hoton wani gida da ya ƙone ƙurmus, ya ce daga injin busar da kaya wutar ta tashi. Ya ce ɓurɓushin zaren da ke fita daga tufafi yana taruwa a cikin bututu, kuma bututun da ya miƙe sama ya fita ta rufi ya fi kowane saurin toshewa. Sai ya tambaya ko akwai mai irin wannan a gidansu. Na ɗaga hannu. Ya ce, "Yaushe rabon da a share shi?" Na ce tun da babana ya tashi. Ban yi niyyar faɗin haka a gaban mutane ba, fita kawai ya yi. Wata yarinya a bayana ta ce, "Noemí, in ya kama da wuta ki kira mu, mu zo mu gasa masara." Aka yi dariya. Ni ban yi ba.

Apá, na tuna yadda kake yi. Duk shekara idan bishiyar pekan ta fara zubar da 'ya'ya, sai ka jingina tsani kusa da furannin Amá, ka hau da burushinka mai sanduna da ake haɗawa. Ka cire hular bututun. Ka ƙwanƙwasa sau uku, Amá ta kunna injin daga ciki don iska ta riƙa turo dattin sama, ta buga da cokali sau ɗaya, wato ta ji. Sai tokar zaren nan ta yi ta saukowa a tsakar gida, ni kuma ina tsalle ina kamawa. Kana ce mata furfurar gida. Kana cewa gida ma yana tsufa, dole a riƙa yi masa aski.

Yau shekara uku ke nan ba a yi masa askin ba. Abin da ya rikita ni shi ne, mutumin ya ce alamar toshewa ita ce kaya su ƙi bushewa, injin ya yi zafi kamar murhu. Na gwada. Na zuba tawul masu nauyi, suka bushe sarai. To ko dai namu bai toshe ba, ko kuwa ya toshe ne ta wata hanya da ba a gani? Wanne ya fi muni?

Na yi wa Amá maganar tana shirin tafiya aiki gidan kula da tsofaffi. Ta ce, "Mija, 'yata, bar mini zancen rufin nan. Karatu aka tura ki ko duba bututu?" Na ce to mu kira wani ya duba. Ta ce, "Wa zan bari ya taka mini rufi?" Ta ɗauki jakarta ta fita. Ka san ta, in abu ya shafe ka ba ta tsayawa.

Saboda haka na yanke shawarar zan ari tsanin Doña Chayo, maƙwabciyarmu, in hau da kaina. Abin da nake roƙo shi ne ka gaya mini yadda ake cire hular, da irin burushin da zan nema. Ba sai ka yi dogon bayani ba.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Noemí Barrientos

San Antonio,
24 ga Oktoba.

Apá,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya aiki, yaya sanyin da ya fara shigowa?

Saƙonka ya iso. Na gode. Na karanta abin da ka rubuta a bayan katin aikinka har na haddace, ko da yake ba shi da wuyar haddacewa: "Kada ki hau. Babu abin da zai same ku." Na juya katin, na leƙa cikin ambulan ko akwai saura, babu. Ba ƙorafi nake yi ba. Amma Apá, yaya aka yi ka sani, kana can wani gari?

Dole in gaya maka gaskiya, kafin katin ya zo na riga na je wurin Doña Chayo neman tsani. Na same ta tana ɓare pekan a baranda. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ta yi dariya har da tari.

Ta ce, "Ke? Ke da kujera ma in kin hau sai kin kira sunan waliyyai? Zauna ki taya ni ɓara."

Na ce mata gidanmu zai iya kamawa da wuta, kuma nata yana manne da namu.

Ta ce, "'Yar nan, kina cin jarrabawa a makaranta, amma a gida idonki na ado ne. Wancan rufin ya fi kaina samun gyara. Je ki tambayi furannin uwarki."

Na roƙe ta ta yi mini bayani, ta ce ita bakinta na cin abinci ne.

Na dawo na tsuguna gaban furannin kamar wata marar hankali. Sai na ga wasu ramuka biyu a ƙasa, a jere, sun cika da busasshen ganye. Na gwada da tafin hannuna. Wurin da ƙafafun tsaninka suke zama ne. Da na shekara uku ne, da ruwan sama ya shafe su tuni. Daga nan na fara tuna wasu abubuwa. Bara, a irin wannan lokaci, na dawo daga makaranta na tarar Amá tana share tsakar gida da ƙarfi, akwai toka-toka a kan ganye. Na tambaya, ta ce iska ce ta kwaso daga wani wuri. Bara waccan ma na tsinci irinta a kan keken da na bari a waje.

Apá, kai ne, ko ba haka ba? Kana zuwa idan ba ma nan.

Tun da na gane haka ban san abin da nake ji ba. Wani lokaci daɗi, har in kama kaina ina murmushi a cikin aji. Wani lokaci kuma sai in ce, ashe yana zuwa har saman ɗakina, ya koma ban sani ba. Ban kuma gane yadda kake yin aikin kai kaɗai ba, amma na ɗauka ka sami sabuwar dabara.

Abin da ya fi damuna shi ne Amá. Ba na ɓoye mata komai, ga shi yanzu ina ɓoye mata abu biyu, takardun nan da kuma wannan. Ban san abin da ya haɗa ku ba, ba wanda ya taɓa gaya mini, amma na ji da kunnena ranar da ta ce kada ka sake tako mata gida. In ta kama ka a kan rufin, ban san abin da zai faru ba, ina tsoron har katin shekara ya daina zuwa. Na tabbata tana zaton iska ce da gaske.

Don haka ga shawarata, in ba ka ɗauke ta rashin kunya ba. Pekan ya fara zuba, na san lokaci ya yi. Ka zo kowace rana, amma ban da Laraba. Laraba ce ranar hutunta, tana gida wuni guda. Don Allah ka kiyaye wannan.

Ina yi maka addu'a a coci, a zuci.

'Yarka,
Noemí

San Antonio,
7 ga Nuwamba.

Apá,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata ka isa gida lafiya. Ni na yi zazzaɓi amma ya sauka, kada ka damu.

Ban san ta inda zan fara ba. Shekaranjiya Laraba zazzaɓin ya rufe ni a makaranta, aka sallame ni kafin tsakar rana. Ina shigowa layinmu na hango a-kori-kurarka a ƙofar Doña Chayo. Na ɗaga kai, ga tsani a jikin gidanmu, ga mutum a tsugune a sama ya ba ni baya. Ga kuma motar Amá a wurinta. Na ce shi ke nan, takardata ba ta isa ba, ko kuwa ka karanta ta a juye.

Na ruga ta ƙofar baya da niyyar in janye ta daga gidan kafin ta ji motsi. Ba ta kicin, ba ta ɗakinta. A ɗan ɗakin wanki na same ta, a tsaye gaban injin, da cokalin katako a hannu.

Ta ce, "Me kike yi a gida yanzu?"

Na ce, "Amá, zo ki kai ni kanti. Ko asibiti. Yanzu-yanzu."

Ta taɓa goshina ta ce, "Wanne daga ciki? Jikinki kamar garwashi. Je ki kwanta."

Na riƙe hannunta ina ja, ina surutu da ƙarfi don in rufe ƙarar takunka. Ban ma san abin da nake faɗa ba, ina jin har da zancen jarrabawar lissafi. Sai bututun ya yi ƙara. Sau uku.

Na dube ta, ta dube ni. Fuskarta ta yi ja kamar ni ce uwar, ita ce aka kama. Sannan ta zare hannunta daga nawa, ta murɗa makunnin, ta buga bututun da cokali sau ɗaya.

Apá, ashe babu wata sabuwar dabara. Ni da na rubuto maka yadda ake aikin da hannuna, ban taɓa tambayar kaina wa yake kunnawa ba.

Muka tsaya a wurin, injin yana juyawa babu komai a ciki, muna jin burushinka yana sauka yana hawa a cikin bango. Ta ɗora tafin hannunta a kan injin kamar mai jin zazzaɓinsa shi ma. Da ka yi bugun gamawa ta kashe, ta sake amsawa.

Na so in fito. Na kai har bakin ƙofa, sai na juyo. Ta tagar kicin na leƙa. Na ga takalmanka suna saukowa a hankali, kana jin gwiwar har yanzu. Na ga kanka ya yi fari, ban sani ba ko furfurar gida ce ko taka. Na ga ka ɗauki ƙunshin tamale, alalar masarar nan, da aka ajiye a kan ginshiƙin ƙyaure, ba ka ko duba ba, kamar wanda ya san yana nan. Doña Chayo ta ɗaga murya daga barandarta ta ce maka, "Chebo, ka tsufa! Baɗi da igiya za a sauko da kai!" Ka ce, "Ke za ki riƙe igiyar, Doña?" Rabona da jin muryarka shekara uku.

Bayan ka tafi na sami Amá tana share tsakar gida. Na ce, "Amá, kun shirya ne?"

Ta ce, "Mun shirya me? Bututu aka share."

Na ce, "Amma kina yi masa tamale."

Ta ce, "To in bar mutum ya yi tuƙin awa biyu da yunwa? Ni ba muguwa ba ce."

Na ce, "Kuna magana?"

Ta ce, "Ko kalma. Ni da ubanki in muka zauna ɗaki ɗaya sai an kira maƙwabta. Amma ba zai bar 'yarsa ta kwana ƙarƙashin bututun da ya toshe ba, ni kuma ba zan hana shi ba. Laraba ta farko bayan pekan ya gama zuba, shi ya sani, ni na sani."

Na tambaye ta dalilin da ya sa kuka ɓoye mini. Ta daɗe tana share wuri ɗaya. Sannan ta ce, "Don kada ki sa rai, mija. Ba dawowa zai yi ba."

Na yi kuka, ta ɗauka zazzaɓin ne, ko ta yi kamar ta ɗauka. Na gaya mata ina rubuto maka. Ta ce ai ita take ɗauko wasiƙu daga akwati, ta san rubutunka ko a duhu. Da na ce na gargaɗe ka kada ka zo ran Laraba, ta yi dariya har ta jingina da tsintsiya. Na daɗe ban ji ta yi irin wannan ba.

Har yanzu ban gane ba, Apá. Ban san sunan abin da ke tsakaninku ba. Ba aure ba ne, ba kuma gaba ba ce irin wadda na sani. Na yarda ba za ka dawo ba, ba shi nake roƙo ba. Abin da nake ta juyawa a raina shi ne, ku biyu da ba kwa magana kuna da bututu, ni da ban yi faɗa da kowa ba ba ni da komai sai kati ɗaya a shekara.

Jiya da safe na tarar da cokalin katakon a kan teburin karatuna. Amá ta ce, "Baɗi ke za ki kunna, ni na gaji da tsayuwa." Na karɓa, na sa shi cikin aljihun tebur. Amma baɗi da nisa.

Yanzu ba ni da sauran tambaya a kan bututu, saboda haka ba ni da wani dalili na rubuto maka. Duk da haka ina neman izininka in sake rubutowa, haka kawai, a kan makaranta ko a kan ba komai. Idan ba ka so, ba zan yi fushi ba. Idan ka yarda, na san rubutu ba ya yi maka daɗi, ba sai ka ce komai ba. Ka aiko katin aikinka da ɗigo ɗaya a bayansa. Na san ma'anar bugu ɗaya a gidanmu.

Ka huta lafiya, ka kula da gwiwar.

'Yarka mai jira,
Noemí